VATSIM Ko IVAO: Wanne Ya Fi Dacewa Da Mai Koyon Tuƙin Jirgi A Kwamfuta?

VATSIM da IVAO dandaloli ne na intanet inda masu tuƙin jirgi a kwamfuta ke haɗuwa. Dandalolin biyu kyauta ne, kuma a kowanne mutane ne na gaske ke zama jami'an hasumiyar kula da zirga-zirgar jiragen sama, suna ba matuƙa umarni da murya kai tsaye ta intanet. An kafa IVAO a 1998, tana amfani da manhajojinta, wato Altitude ga matuƙa da Aurora ga jami'ai, kuma ta yi ƙarfi a Faransa da Brazil. VATSIM, wadda ta zo a 2001, ta fi cunkoso a sararin Amurka da Ingila, musamman lokacin taronta na tsallaka tekun Atlantika, sai dai sabon shiga dole ya ci gwaji kafin ya tashi. A ganina, wanda ke son saba wa kunnensa da Turancin hasumiya mai sauri ya zaɓi VATSIM.