GARGAƊI: Mai tallar "tafiyar Gambiya mai rahusa" ɗan damfara ne, ya ci min N575,000

Assalamu alaikum jama'ar Kaduna. Duk mai sha'awar yawon buɗe ido ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai wani mutum da ke tallata tafiya ƙasar Gambiya a Facebook da WhatsApp, wai tafiyar masu jakar goyo, ba otal mai tsada, ba motar haya ta musamman. Kwana goma, jirgi daga Legas zuwa Banjul da dawowa, da masauki, da zagaya ƙasa, duka a kan N780,000 mutum ɗaya. Ɓarawo ne. Ya ci N575,000 nawa. Ya ci N575,000 na abokina. Ya ci N300,000 na ƙanina ɗan Goggona. A haɗe N1,450,000 daga mu uku kaɗai, ban da na sauran mutanen da ke guruf ɗin.

Kafin wani ya zo ƙasan rubutun nan ya ce min kwaɗayi mabuɗin wahala, ya saurara tukuna. Ba kyauta aka ce za a ba ni ba, ba kuma ninka kuɗi aka ce za a yi min ba. Tafiya na biya wa kuɗi, da gumina. Ni mai gyaran waya ne, kullum ina cikin mutane a kasuwa, na ga masu alat ɗin bogi, na ga masu kawo wayar sata, na sha korarsu daga shagona. Ban taɓa tura wa wanda ban gani da idona ba kuɗi. Wannan na gan shi. Na zauna da shi. Mun yi sallar Magariba sahu ɗaya, kafaɗarsa na gogar tawa.

A Unguwar Rimi muka haɗu, wurin wani mai shayi, shi ya zaɓi wurin. Ya zo da farar shadda da hula, magana a natse, ba rawar kai ko kaɗan. Ya ciro fasfonsa ya buɗe a kan tebur tsakanin kofunan shayi, ya ɗora yatsa a kan hatimin shiga Gambiya, ya ce, "Malam, duba da kanka." Na duba. Abokina ya karɓa ya duba. Sannan ya zaro takardar kuɗinsu, dalasi hamsin, ya miƙo min ya ce, "Riƙe wannan ɗan uwa, in mun sauka ka sai mana ataya, shayinsu, da shi." Wallahi wannan wurin ne nake ta juyawa a raina, dare da rana. Yadda ya miƙo takardar da hannu biyu. Yadda ya hana ni biyan kuɗin shayin. Ku gaya min wane ne zai ga haka ya ce ɓarawo ne a gabansa?

Kuma duk abin da ya faɗa game da ƙasar gaskiya ne, don na je na bincika a intanet a daren. Ya ce ƙaramar ƙasa ce siririya da ta bi gefen kogin Gambiya, Senegal ta kewaye ta ta ɓangare uku, teku a ɗayan. Haka ne. Ya ce mafi yawansu Musulmi ne, kuma Turanci suke aiki da shi, ba za mu sha wahalar Faransanci ba. Haka ne. Ya ce za mu sauka a Kololi kusa da layin Senegambiya, ɗaki ɗaya gadaje da yawa don kuɗin ya yi sauƙi, mu riƙa hawa gele-gele, wato ƙananan bas ɗinsu, maimakon tasin 'yan yawon buɗe ido. Ya ce za mu je Kachikally a Bakau inda ake taɓa kada da hannu, mu je Tanji da yamma lokacin da masunta ke dawowa da kwale-kwale, mu shiga kasuwar Serekunda, mu hau jirgin fito daga Banjul zuwa Barra, daga nan mu wuce Juffureh mu ga tsibirin Kunta Kinteh inda aka riƙa tsare bayi. Har abinci ya lissafa mana, benachin shinkafarsu ta dafa-duka, da domoda mai miyar gyaɗa. Ko ɗaya bai yi ƙarya ba. Mutumin ya san ƙasar. Da gaskiyar ƙasar ya yi mana tarko, ƙaryar tana cikin takardu ne kawai.

N300,000 na fara turawa, kuɗin kama kujerar jirgi. A'a, kafin nan ma sai da ya sa mu a guruf ɗin WhatsApp, mutum sama da talatin, kullum wani na saka rasit yana cewa na biya, Allah ya saka da alheri. Wata ma ta saka bidiyonta a bakin teku tana cewa da shi ta je bara. Yanzu na tabbata rabinsu mutanensa ne, don da abin ya fashe duk lambobin nan a rana ɗaya suka mutu. Bayan na ga wannan ne na tura N300,000 ɗin. Sunan da ya fito a akawun ba sunan kamfani ba ne, sunan mutum ne, kuma na tambaya, kada wani ya ce ban tambaya ba. Ya ce na matarsa ne, akawun ɗin kamfanin yana da matsala da banki, za a gyara a satin.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tikitin. Ku karanta nan da kyau. Ya turo min takarda mai tambarin kamfanin jirgi, da sunana, da rana, da wata lamba mai haruffa shida. Ban tsaya a kan takardar ba. Na shiga shafin kamfanin jirgin da kaina, na saka lambar da sunan mahaifina, sunana ya fito, Legas zuwa Banjul. Na ga sunana a shafin kamfanin jirgi da idona! Me kuma ya rage mai hankali ya yi? Sai daga baya wata 'yar uwa da ke sayar da tikiti a kan titin Ahmadu Bello ta yi min bayani. Ana iya kama wa mutum kujera ba tare da an biya ko kwabo ba, kamfanin ya riƙe ta na ɗan lokaci, in ba a biya ba ta goge da kanta. Wannan lamba mai haruffa shida ta kamun kujera ce kawai. Tikitin da aka biya yana da tasa lambar daban mai alƙaluma 13. Tawa takardar ba ta da ita. Ta juyo min da kwamfutarta ta nuna min gurbin, fayau, babu komai. Shi ya san lokacin da zan duba, ya kuma san lokacin da za ta goge.

Sai N180,000, wai kuɗin izinin shiga. Nan ma na yi gardama. Na ce masa ai ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Gambiya, dukkanmu 'yan ECOWAS ne. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ashe kana bin labarai. Ai tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice, an canja tsarin." Ficewar kuwa gaskiya ce, kowa ya ji ta a rediyo, sun sanar a Janairun 2024, ta tabbata a Janairun 2025. Sai maganar ta zauna min. Ƙarya ce tsagwaronta. Gambiya tana cikin ECOWAS, Najeriya tana ciki, yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 tana nan, ɗan Najeriya mai fasfo da katin rigakafin shawara zai shiga ya zauna har kwana 90 babu biza. Babu wani izini na N180,000. Babu shi. N180,000 na ba da a kan abin da babu shi a duniya.

Na uku N95,000, inshora da katin rigakafi. Wannan ta hannun mai POS na tura, mai tallar yana ta kirana wai yau za a rufe. Katin da mutum zai je da kansa a yi masa allura a ba shi. To ku haɗa: 300,000 da 180,000 da 95,000. N575,000.

Ni nawa ma da sauƙi a kan na yaron, ƙanin nan nawa. Kuɗin adashen Goggo ne. Ya gama makaranta, bai taɓa wuce Abuja ba, ya ji ina zancen teku ya maƙale min. Ni na je gidanta a Tudun Wada na zauna a tabarma na ce, "Goggo, ki bar shi ya bi ni, ni zan kula da shi." Ta ɗauko N300,000 ta ba shi. Mun je Kasuwar Barci tare mun sayi jakunkunan goyo na gwanjo, shi har ya jera kayansa a ciki. Ranar da na koma gaya mata, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ni kai na sani, ban san wani mutum ba." Har yanzu na kasa haɗa ido da ita. Zan biya ta kuɗinta ko da zan sayar da kayan shagona, wannan tsakanina da ita ne.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin maganar N95,000 ya mayar da guruf ɗin yadda shi kaɗai ke iya rubutu, wai surutu ya yi yawa. Ya ɗaga tafiyar, ya ce jirgin ne ya canja rana. Ya sake ɗagawa, ya ce mahaifiyarsa ce ba lafiya, har mun yi mata addu'a a saƙon murya. Mun yi wa uwar ɓarawo addu'a da kuɗinmu a aljihunsa! Da na koma shafin jirgin na saka lambar, babu sunana. Na kira shi, ya ɗauka, ya ce yana tuƙi, zai kira ni. Daga nan ya toshe ni. Na aika wa masaukin Kololi da ya turo mana hotunansa saƙo, suka amsa min da mutunci cewa babu wanda ya kama ɗaki da sunanmu ko da nasa. Na koma wurin mai shayin, ya ce shi ma ranar ya fara ganinsa.

Kuma har yanzu yana tallar. Ya canja sunan shafin, ya canja lamba, hotunan dai su ne, har bidiyon matar nan ta bakin teku. Jiya wani abokin cinikina ya nuna min a wayarsa yana tambayata ko na san su. Jikina har rawa yake yi.

Ina da komai. Hirarmu tun daga sallamar farko, rasit uku, takardar jirgin bogi, saƙonnin muryarsa, da amsar masaukin. Na sanar da bankina, na kuma kai ƙorafi ofishin EFCC na Kaduna, an shawarce ni kada in saki lambar akawun a fili tukuna. Sauran hotunan zan rufe sunayen mutanen guruf in saka su nan ƙasa da daren nan, in sha Allahu. Duk wanda yake cikin guruf ɗin nan ya turo min saƙo da rasit ɗinsa, mu haɗa ƙorafin wuri ɗaya. Na san akwai masu jin kunyar fitowa. Ku fito, ba ku kuka yi sata ba.

Mai son zuwa Gambiya ya sayi tikitinsa da kansa ko a ofishin da zai iya komawa gobe, ya nemi lamba mai alƙaluma 13, ya duba rajistar kamfanin a CAC. Kada ka tura kuɗi akawun ɗin matar kowa. Babu biza, babu kuɗin izini.

Kai kuma, na san kana karantawa da sabon shafinka. N575,000 nawa, N575,000 na abokina, N300,000 na Goggo. Ban yafe ba, kuma ba zan daina bibiyarka ba. Allah ya isa.