Wata tara ina shan ƙwayar dienogest saboda ciwon mara

Tun ina budurwa nake fama da ciwon mara mai kwantar da mutum kwana biyu ko uku duk wata, kuma kamar yadda aka saba a nan Gusau, an ce mini sanyi ne, an ce in na yi aure zai wuce. Na sha hulba, na sha jiƙe-jiƙe, na kuma yi auren, amma ciwon ko gezau bai yi ba. Sai bara wata likitar mata ta yi mini hoton ciki, ta ga ƙulli a ma'ajiyar ƙwai ta hagu, ta ce alamu sun nuna endometiriyosis ne, wato nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, yana kumbura yana zubar da jini lokacin al'ada alhali jinin ba shi da mafita. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 10 da ke shekarun haihuwa tana da shi, abin da ya sa na tuna ƙawayen da muke yi wa kallon masu raki.

Ta rubuta mini dienogest, ƙwaya ɗaya mai miligiram 2 kullum ba tare da hutu ba, domin ta rage istirojin, wato sinadarin jikin mace da ke ciyar da naman nan. Na haɗa shanta da sallar isha'i don kada in manta. A wata na uku ciwon ya ragu sosai, har na daina neman izinin barin aji, kuma ban ƙara shan maganin kashe zafi irin na da ba.

Abin da ya fi damuna ba ciwon kai da nauyin ƙirjin makonnin farko ba ne, domin waɗannan sun wuce da kansu. Ɗigon jini ne da ke zuwa ba tsari, yau ya ɗauke, jibi ya dawo, har na rasa gane ranar da zan yi sallah da ranar da zan dakata. Likita ta gargaɗe ni a kan haka, amma hukuncinsa ba fanninta ba ne, sai malamarmu ta Islamiyya ce ta warware mini cewa a mazhabar Malikiyya mace tana ƙara kwana 3 a kan kwanakin al'adar da ta saba, muddin ba su wuce 15 ba, abin da ya biyo baya kuma istihala ce, ta yi wanka ta ci gaba da ibada. Duk mai niyyar fara wannan magani, ina ganin ta nemi wannan bayanin tun kafin azumi ya kama.

Maganin yana da tsada, kuma sau biyu na rasa shi a garin nan, sai daga Kano aka aiko mini. Ba ya kuma warkar da cutar, danne ta yake yi, kuma tun da yana hana fitar ƙwai ga yawancin mata, ba a neman ciki ana shansa. Wannan ne ya sa surukata ta kira shi maganin hana haihuwa, sai da maigida ya zauna ya yi mata bayani. Mun shirya da likita za a sake hoton a wata mai zuwa, in ƙullin ya ragu mu tsayar da lokacin ajiye ƙwayar.