Madubin hangen nesa 10x50 da na saya a Garwa

Saboda tauraruwa mai wutsiya na sayi madubin nan mai ido biyu, 10x50, wato yana ƙara girman abu sau 10, faɗin gilashinsa kuma milimita 50. A watan Afrilun 1997, lokacin zafi muna kwana a tsakar gida, Baba ya ɗora ni a wuya ya nuna mini Hale-Bopp ta saman katanga. Kakarmu ta fito tana salati, wai a shigar da yara ɗaki, "tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba." Baba bai sauke ni ba. Tun daga daren nan nake ɗaga kai sama.

Da aka ce wata mai wutsiyar, Tsuchinshan-ATLAS, za ta bayyana a Oktoban 2024, na shiga kasuwa na ɗauko wannan baƙin madubin, mai jaka da igiyar ratayawa. Kwana biyu hadari ya rufe yamma, ƙarshen damina ne. Rana ta uku bayan magariba na goyo Baba a babur muka gangara bakin Binuwai, nesa da fitilu. Da ido kamar ɗan hayaƙi take, dama da tauraruwa Zara, ga kuma farin wata. Ina ɗora madubin sai ga kanta fes, wutsiyar ta miƙe sama tana ba rana baya, har ta fi ƙarfin gilashin. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Na miƙa wa Baba. Idonsa ya yi rauni, hannunsa na rawa, na tallafe masa gwiwar hannu. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Ita ce ta dawo?" Na ce, "A'a Baba, taku sai bayan shekara fiye da 2,000." Ya ce to a bar shi ya ƙara kallo. A daren nan ko nawa aka ce in ƙara wa mai shago, zan ba shi.

Amma igiyar nan ta ƙona mini rai. Ko wata biyu ba a yi ba, ina duba taurarin Kaza da 'ya'yanta, ta tsinke, madubin ya faɗi a kan tabarma. Tabarma fa, ba siminti ba! Tun daga nan kowane tauraro biyu nake ganinsa, minti biyar kai ya ɗau ciwo. Na mayar, mai shagon ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Murfin gilashin ma sakwaf yake, ƙurar hunturu ta shige ciki.

Yanzu ido ɗaya nake rufewa in duba da ɗaya. Wanda zai saya ya canza igiyar tun a bakin shago.