Tsakanin Cervelat da Bratwurst na St. Gallen a bukukuwan Suwizalan

Ɗan'uwa da ke shirin tafiya karatu Suwizalan ya tambaya ko wane sosej ne mutanen ƙasar suka fi haɗawa da bukukuwansu, Cervelat ko kuwa farin nan na birnin St. Gallen, kuma ko gaskiya ne da naman maraƙi zalla ake yin farin. Malam, dukansu na biki ne, sai dai kowanne da irin taronsa.

Cervelat gajere ne, mai ɗan lanƙwasa, launinsa ja-ja. Ana niƙa naman sa da na alade da kitse da fatar alade tare da ƙanƙara har su yi laushi, a ɗura a cikin hanji, a kyafe shi da hayaƙi sama-sama, sannan a dafa, don haka ana iya cinsa ko ba a gasa ba. Shi ake ɗauka a matsayin sosej na ƙasa baki ɗaya, kuma an kiyasta ana cin kusan miliyan 160 a shekara. Babbar ranarsa ita ce 1 ga Agusta, ranar tunawa da yarjejeniyar 1291 tsakanin yankunan Uri da Schwyz da Unterwalden, wadda ake ɗauka a matsayin tushen ƙasar, kuma ranar ta zama hutu a duk faɗin ƙasar tun 1994. A daren ranar ana hura manyan wutace a kan tuddai, iyalai su fita bakin daji ko bakin tafki. Kowa, har da yara, yakan fiƙe sanda, ya tsaga bakunan sosej ɗin biyu gida huɗu-huɗu, ya soke shi ya kara a wuta. Da zafi ya ratsa shi sai tsagin ya buɗe ya nannaɗe, gefensa ya yi ƙamas. A ganina wannan ne ya ba shi matsayinsa: yana da araha, ba ya buƙatar gwani, kuma mai ci shi ne mai gashi.

An ga irin ƙaunar da ake masa lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigo da hanjin shanu daga Barazil a 2006 saboda fargabar cutar haukar shanu, Suwizalan kuma ta bi wannan doka. Ashe a lokacin fatar da ake ɗura Cervelat a ciki hanjin shanu masu tozo ne na Barazil, dangin irin shanun da muke kiwo, domin shi ne ke ba da kauri da lanƙwasar da ake so, kuma yana saɓuwa cikin sauƙi. Zuwa 2008 maganar ta cika jaridu har ta kai majalisa, kafin a samo hanji daga wasu ƙasashen Kudancin Amurka.

Na St. Gallen kuwa abin alfaharin gari guda ne. Fari ne saboda madarar da ake zubawa cikin niƙaƙƙen naman, ba a kyafe shi, kuma an ambace shi a ƙa'idojin ƙungiyar mahautan birnin tun 1438. Daga 2008 doka ta kare sunansa, ta yadda ba kowane mahauci a ko'ina ke da ikon kiran nasa da wannan suna ba. Taronsa shi ne OLMA, baje kolin noma da abinci da ake yi kowane Oktoba tun 1943, inda ake sayar da mai nauyin giram 160, sai bikin yara na birnin da ake yi duk bayan shekara uku, wanda nasa ya kai giram 220. Farin sosej ɗin ba a cika soke shi a sanda ba. Masu rumfa ne ke gasa shi a kan waya har fatarsa ta yi duhu ta tsage, su miƙo shi a takarda tare da ƙaramin burodi mai tauri da ake kira Bürli. Baƙon da ya nemi mastad, wato wani mahaɗi mai ɗan yaji da ake shafa wa nama, ya ja wa kansa harara, domin mutanen garin na ganin shafa masa wani abu raini ne ga mahaucin.

A lokacin Kirsimeti babu ɗaya daga cikinsu da ke kan gaba. Sosej ɗin da aka sani da Disamba shi ne Longeole na birnin Janiba, na alade ne da ake dafawa sa'o'i a ruwan da bai tafasa ba.

Game da tambayar ko farin naman maraƙi zalla ne a cikinsa, amsar ita ce a'a. Ko wanda aka rubuta wa Kalbsbratwurst, wato na maraƙi, sharaɗinsa shi ne aƙalla rabin naman ya zama na maraƙi, sauran kuma yawanci naman alade ne da kitsensa. Saboda haka Musulmi bai samu mafita a farin ba, kamar yadda bai samu a jan ba. Akwai na kaza a manyan kantuna, amma sai an karanta takardar kayan haɗi, a duba kitsen da fatar, ga kuma batun yanka, tunda ƙasar ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba tun 1893. Idan abokan karatu suka gayyace ka gashin 1 ga Agusta, ka biya shagon mahautan halal, waɗanda ake samu a manyan birane irin su Zurich da Basel, ka sayi naka na sa ko na rago, ka kuma fiƙe sandarka daban.