Kan batirin bindigar wasan Abba: kada a sayi sabo

Yaya, barka da war haka. A gaida Inna da Anti da yara duka.

Na ga saƙonka cewa ɗan maƙalin robar da ke kan batirin bindigar wasan Abba ya karye, kana so in sayo sabon batir a nan Kumasi in aiko. Shawarata a bar maganar sabo. Irin wannan bindiga mai harba ƙwallayen roba na milimita 6 ba ta da kasuwa a nan kamar yadda kake zato. Na duba Adum, na shiga Kejetia, bindigogin wasa na yara kam ga su nan jibge, amma batirinsu ƙanana ne, ba irin na Abba mai volt 8.4 ba. Kayan duk daga Sin suke zuwa, irin waɗanda ka sani a kasuwar Sabon Gari, kuma idan ka juya sidi zuwa naira sai ka ga na Kano ya fi sauƙi. A fannin yawan kaya da araha, Kumasi ba ta kama ƙafar Kano ba.

Inda suka burge ni shi ne wajen gyara. Wani maƙwabcina a Aboabo yana da irin bindigar, nasa kan batirin ma ya karye, muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo. Da a gida ne, ka san abin da za a yi: a ɗiga gam, a naɗe da baƙin salatif, a ce ka je ka gwada. Shi kuwa ya ce gam ba zai riƙe ba. Wannan kan, wanda ake kira Tamiya, da robar nailan ake yinsa, mai santsi ce, gam ɗin nan mai saurin bushewa ba ya kama ta sosai, ga shi maƙalin a kullum danna shi ake yi. Dabarar zuba farar hodar nan ta bekin soda a kan gam tana cike tsaga a roba mai tauri kamar murfin gidan batir, amma ba ta yi wa abin da ke lanƙwasawa amfani.

Sai ya cire kan gaba ɗaya ya sa wani ja mai suna Deans, wanda ƙarafansa biyu suke zaune kamar harafin T. Shi ba shi da maƙalin da zai karye, ƙarfen da kansa ke matsewa, kuma wuta ta fi wucewa ta cikinsa. Sai dai idan an canza na batir, dole a canza na jikin bindigar da na caja, don haka mace da namiji ake saye tare.

Yadda ya yi aikin shi ne abin da nake so ka faɗa wa mai gyaranka. Bai yanke wayoyin biyu lokaci guda ba. Ya yanke jar, ya liƙe ta da dalma, ya rufe ta da 'yar robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi, sannan ya taɓa baƙar. In almakashi ya haɗa su biyun a tare, wuta za ta tashi nan take. Kafin ya jona ma sai da ya auna da mita, domin a kan Tamiya ƙarami, yadda ake jera ja da baƙi a bindigogi ba lallai ya zo ɗaya da na motocin wasa ba. Idan kuma batirin irin mai laushin nan ne na LiPo, mai volt 7.4 ko 11.1, kada ƙarfen dalma ya kusanci jikinsa, kuma in ya kumbura a rabu da shi, gobara yake jawowa.

Da murfin gidan batirin ne ya fashe, da Suame Magazine zan nuna maka. Unguwa ce sukutum ta makanikai da maƙera, ta ninka Ƙofar Ruwa girma. Masu gyaran bambar mota a can sukan dasa guntayen waya mai zafi a cikin tsagar, su narkar da wata robar su shafe kai. Na san a Kano ma akwai masu yi, sai dai a nan sana'a ce da mutum ke zama a kanta shi kaɗai. Kuɗin aikin kuwa da MoMo ake biya ta waya, har mai pragya, wato adaidaita sahunsu, yana karɓa. Amma ba sa son ciniki mai tsawo irin namu, in ka ja da yawa sai a miƙo maka kayanka.

Aiko da batir ma wahala ce. Ta mota sai ya bi Aflao da Lome da Kwatano da Seme yana gasuwa a but, ta jirgi kuma ba a yarda a sa batirin lithiyam shi kaɗai a jakar da ake aunawa ba. Ka kuma ja wa Abba kunne kada ya fita da ita titi. A ƙarshen 2024, gab da zaɓen 7 ga Disamba, samari a nan Ghana sun yi yayin yawo da bindigogin wasa har 'yan sanda suka kama wasu.

Ka ɗauko min hoton kan batirin da na cajar ta WhatsApp. In ba a samu Deans a Sabon Gari ba, zan saya biyu-biyu in ba wa wani ɗan kasuwa da zai taho Kano bayan salla.