Gargaɗi ga masu koyon Solidity a Maraɗi: Foundry ba na sayarwa ba ne

Ƴan'uwa, akwai wani mutum da ya shigo rukunin WhatsApp ɗinmu na masu koyon rubuta kwantiragin bulokcen da yaren Solidity, yana tallar abin da ya kira "Foundry na ƙwararru" a kan jikka 25. Kada wanda ya tura masa ko dala.

Foundry, wato kayan aikin rubutawa da gwada irin wannan kwantiragi, kyauta ne. Yana nan a buɗe a GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji, da umarnin foundryup ake girka shi, kuma sassansa, forge da cast da anvil, duk tare suke zuwa. Hardhat ma, wani kayan aiki irinsa, kyauta ne. To mene ne yake sayarwa?

Kuɗin ma ba su ne babbar asara ba. Wani ƙanena a unguwar Zariya ya biya, aka turo masa dunƙulallen fayil. Aka ce ya liƙa makullin sirrin walat ɗinsa a cikin fayil ɗin .env, inda ake ajiye saitunan sirri, sannan ya buɗe baƙin allon umarni ya buga npm install, umarnin da ke sauke fakitocin manhajar da aikin ke bukata, wai don "a gwada aiki". Ya yi bayan isha'i. Da asuba ya duba, ƴan kuɗin kirifto na USDT da ya tara sun tashi. Shi kuwa mutumin ya toshe lambarsa.

Na zauna na bincika fayil ɗin. Cikin jerin fakitocin da aikin ya dogara da su akwai guda mai suna kamar na Hardhat, harafi ɗaya kawai aka canja. Ku sani, fakitin npm na iya ɗauke da umarnin da ke tashi da kansa lokacin girkawa, ba tare da ya tambaye ka ba. Wannan kuwa aikinsa ya karanta .env ya aika waje. Dabarar ba sabuwa ba ce: a watan Janairun 2025 masu binciken tsaro sun bankaɗo fakitocin bogi a npm da ke kwaikwayon na Hardhat suna kwashe makullai da kalmomin sirri. Mutuminmu kwafa kawai ya yi, ya ƙara da karɓar kuɗi a sama. Rashin kunyar har ta yi yawa.

Mai koyo ba ya bukatar walat na gaske. Ka kunna anvil, zai ba ka asusu 10, kowane da kuɗin Ethereum, ETH 10000, na wasa a kan kwamfutarka. In za ka gwada a wajen kwamfutarka, akwai Sepolia, bulokcen ɗin gwaji na Ethereum. Kafin ka buga forge install ko npm install, karanta sunan harafi bayan harafi, ka duba wa ya wallafa shi. In kana shakka, ƙara --ignore-scripts a kan npm install, don hana umarnin nan tashi da kansa.

Wanda ya riga ya buɗe fayil ɗin nan, canja kalmar shiga ba za ta cece shi ba. Ya buɗe sabon walat a wata na'ura, ya kwashe abin da ya rage yau ɗin nan, ya goge kwamfutar gaba ɗaya. Hotunan hirar ƙanen nawa da mutumin da kuma lambarsa suna hannuna, gobe in sha Allah za mu kai wa ƴan sanda.