Shekara biyu da fara gyaran ƙafar ɗana ta hanyar Ponseti

An haifi ɗana ƙafafunsa biyu a murɗe, tafin kowacce na kallon ciki. Ranar na sha kuka. Likita ce ta kwantar min da hankali, ta ce kusan jariri 1 cikin 1,000 haka ake haifarsa, kuma yana gyaruwa.

Yana da sati biyu muka fara. Hanyar ta samo sunanta ne daga Ignacio Ponseti, likita ɗan asalin Sifaniya da ya fito da ita a Jami'ar Iowa ta Amurka. Duk sati sai a lallaɓa ƙafar da hannu, a ɗan juyo ta waje, a naɗa siminti tun daga yatsu har cinya. Sau 6 aka yi mana. Daga nan aka ɗan yanka jijiyar agara don dunduniya ta sauko, aka sa simintin ƙarshe na sati 3. Wannan matakin ba ni da ƙorafi a kansa ko kaɗan.

A takalmi aikin yake. Takalma ne biyu da sandar ƙarfe ta haɗe su, ana sa wa yaro awa 23 kullum har wata 3, sannan a koma lokacin barci kawai har ya kai shekara 4 ko 5. Daren farko ba mu runtsa ba. Ya saba shure-shure da ƙafa ɗai-ɗai, ga ƙarfe ya hana shi. Sai na riƙa kama sandar ina ɗagawa ina saukewa, ina masa wasa, har ya gane ai tare ake ɗaga su.

Ƙorafina ɗaya ne: a gurguje aka nuna mana ɗaurin. Ban san sai dunduniya ta zauna daram kafin a ja maɗaurin tsakiya ba, shi ya sa cikin kwana huɗu wurin ya yi bororo. Na so in cire in huta, Allah ya sani. Da na koma aka gyara min ɗaurin, aka kuma ja min kunne cewa barin takalmin shi ne babban abin da ke sa ƙafa ta sake murɗewa.

Yanzu yana gudu, tafinsa shimfiɗe a ƙasa. Da ya ji barci, da kansa yake jawo takalmin ya miƙo min ƙafa.